Shayi da Ti: Asali da Ma'anonin Kalma Guda a Harsunan Turai da Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi sammako ya shiga kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi zai tarar teburin mai shayi na cikin wuraren da suke fara cika. Direbobi da fataken hatsi da dillalan shanu sukan zauna a benci ɗaya, kowa da kofinsa. Mafi yawansu cewa suke yi a haɗa masu shayi, amma ba a rasa ɗan boko ko ma'aikaci da zai ce a ba shi ti. Mai shayin ba ya ruɗewa, domin ya san abu ɗaya ake nufi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, waɗannan kalmomi biyu asalinsu ɗaya ne. Kalma guda ce ta taso daga ƙasar Sin ta rabu gida biyu, kowane reshe ya bi tasa hanyar ta dubban kilomitoci, sannan suka sake haɗuwa a bakin Bahaushe.

Wannan babi zai bi sawun kalmar tun daga tushenta, ya nuna yadda ta bazu a harsunan Turai, da yadda ta shigo Hausa sau biyu, da kuma ma'anonin da ta ɗauka a hanya. Manufar ita ce ɗalibi mai shirin zama malami ya ga yadda ake tabbatar da asalin kalma da hujja. Yara a aji sukan tambayi inda kalma ta samo asali, kuma amsar da ta fi saurin zuwa baki a kan shayi, wato cewa daga aikatau sha aka samo ta, kuskure ce. Malamin da ya faɗi haka ga aji mai yara 60 ya shuka kuskuren a kawuna 60.

2.0 Tushen Kalmar a Ƙasar Sin

Itacen da ake samun ganyen shayi daga gare shi, wanda masana tsirrai ke kira Camellia sinensis, asalinsa yankin kudu maso yammacin ƙasar Sin ne da ƙasashen da ke maƙwabtaka da shi. Shan ruwan ganyen ya zama ruwan dare a Sin a zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga shekarar 618 zuwa 907. A wannan zamani ne, wajen shekarar 760, wani masani mai suna Lu Yu ya rubuta littafi sukutum a kan noman ganyen da sarrafa shi da dafa shi.

Rubutun Sinanci ya bambanta da na boko da na ajami. Alama guda tana wakiltar kalma ne gaba ɗayanta, don haka mutanen yankuna daban-daban suna iya rubuta alama ɗaya amma kowa ya karanta ta da furucin yankinsa. Misalin da ya fi kusa da wannan shi ne alƙaluman lissafi: idan aka rubuta 5, Bahaushe zai karanta biyar, Balarabe ya karanta khamsa, Bayarabe kuma ya karanta da nasa harshen. Haka alamar shayi take. A Sinancin arewa, wanda ake kira Mandarin, da kuma na yankin Kanton da ke kudu, ana furta ta ca. A lardin Fujian da ke bakin teku, musamman tashar jiragen ruwa ta Amoy wadda ake kira Xiamen a yau, ana furta ta te.

Masana tarihin Sinanci sun nuna cewa furucin Fujian ya riƙe tsohon baƙi tsayau na farkon kalmar, yayin da a sauran yankunan baƙin ya rikiɗe ya zama ɗan atishawa. Wannan sauyi ba baƙo ba ne ga ɗalibin Hausa, domin ya san /t/ tana komawa /c/ a kalmomi irin su mota da motoci, ko sata da sace. Dalilan sauyin a harsunan biyu ba ɗaya ba ne, amma alaƙar sautukan biyu iri ɗaya ce. Daga waɗannan furuci biyu, ca da te, mafi yawan harsunan duniya suka sami sunan wannan abin sha. A wani nazari da masanin harshe Östen Dahl ya fitar a shekarar 2005, an duba harsuna 230, aka tarar fiye da 100 suna amfani da reshen ca, kimanin 80 kuma suna amfani da reshen te. Ragowar su ne masu wata kalma ta daban.

3.0 Bazuwar Kalmar a Harsunan Turai

Ambaton shayi na farko da aka sani a littafin Turai ya fito ne a shekarar 1559, a cikin kundin labaran tafiye-tafiye na Giovanni Battista Ramusio, mutumin birnin Banis na ƙasar Italiya. Daga bakin wani falke Bafarishe ya ji labarin, shi ya sa ya rubuta sunan da siffa mai kama da ta Farisanci. Amma ambato a littafi bai isa ya dasa kalma a bakin jama'a ba. Ciniki ne ya yi wannan aiki, kuma ta hanyoyi daban-daban.

3.1 Reshen Te

A shekarar 1602 aka kafa kamfanin cinikin ƙasar Holan da ke harka da gabashin Asiya. Kamfanin ya kafa hedikwatarsa a Batabiya, wato Jakarta ta yau, a 1619, ya kuma riƙe sansani a tsibirin Taiwan daga 1624 zuwa 1662. A duk wuraren nan biyu, 'yan kasuwar Fujian ne manyan abokan cinikinsa, kuma harshen Malay da ake ciniki da shi a yankin ya riga ya ari kalmar da siffar teh. Saboda haka da jiragen Holan suka fara kai ganyen Turai, wajen shekarar 1610, da sunan thee suka kai shi. Da yake su ne suka riƙe wannan ciniki a mafi yawan ƙarni na 17, maƙwabtansu sun sayi ganyen sun kuma ɗauki sunan tare da shi:

Harshen Holan: thee
Faransanci: thé
Jamusanci: Tee
Sifaniyanci: té
Italiyanci: tè
Harsunan Suwidin da Denmak da Norwe: te
Harshen Finlan: tee
Ingilishi: tea

Siffar Ingilishi tana buƙatar ƙarin bayani, domin ita ce ta shafi Hausa. A ƙarni na 17, lokacin da Samuel Pepys ya rubuta a littafin ajiyar labaransa cewa ya ɗanɗana shayi karo na farko a watan Satumba na 1660, Ingilawa da yawa te suke furtawa kamar sauran maƙwabtansu. A cikin ƙarni na 18 ne furucin ti ya rinjaya, sakamakon wani sauyin wasali da ya shafi kalmomi da dama masu irin wannan rubutu. Rubutun bai sauya ba, furucin ne ya sauya. Harshen Ailan, wanda ya ari kalmar tun kafin sauyin ya kankama, har yau tae yake da ita, da tsohon wasalin.

3.2 Reshen Ca

Reshe na biyu ta tudu ya fi bi. Daga arewacin Sin ganyen ya ratsa tsakiyar Asiya a bayan raƙuma, ya isa Farisa, inda sunan ya zama cay. Masana sun kasu biyu a kan wannan /y/ ta ƙarshe: wasu na ganin ɗafi ne na Farisanci, wasu kuma na ganin ragowar kalmar Sinanci ce mai ma'anar ganye, wadda ake haɗawa da ca. Ko ma wanne ne, duk harshen da aka ga wannan /y/ a cikinsa, alama ce cewa kalmar ta biyo ta tsakiyar Asiya ko Farisa kafin ta iso shi. Daga nan Turkanci da Hindi da Urdu da Larabci suka samu.

Rasha ma ta tudu ta sami nata. A shekarar 1638 wani basaraken Mongol ya aika wa Sarkin Rasha kyautar ganyen, kuma bayan yarjejeniyar Kyakhta ta 1727 ayarin shayi ya riƙa zirga-zirga tsakanin Sin da Rasha. Ta hanyar Rasha da daular Usmaniyya ta Turkiyya kalmar ta mamaye gabashin Turai:

Rashanci da harsunan Yukren da Bulgeriya: cay
Harsunan Cek da Sabiya: čaj
Turkanci: çay
Harshen Romaniya: ceai
Girkanci: tsai

3.3 Waɗanda Suka Saɓa

An saba taƙaita wannan tarihi da cewa te ta ruwa ta bi, ca kuwa ta tudu. Taƙaitawar tana da amfani amma ba ta cika ba. Harshen Fotugal yana da chá, alhali ta ruwa mutanen Fotugal suka je Sin. Dalili shi ne, sun zauna ne a Makawo tun daga shekarar 1557, a yankin da ake furta ca. Ashe ke nan abin da ya yanke hukunci shi ne bakin wanda aka sayi ganyen a hannunsa. Harshen Folan kuma herbata yake da ita, na Lituweniya arbata, dukkansu daga haɗin kalmomin Latin guda biyu, herba mai ma'anar ganye ko tsiro, da thea wadda ta fito daga reshen te. Duk da haka, butar dafa ruwa a harshen Folan czajnik ce, daga reshen ca. Wato rassan biyu suna zaune a harshe ɗaya, kamar yadda za a gani a Hausa.

Akwai darasi babba a wannan rarrabuwa. Sifaniyanci da harshen Fotugal 'yan ɗaki ɗaya ne, duka daga Latin suka tsiro, kuma ƙasashensu suna iyaka da juna, amma ɗaya té ɗaya chá. Harshen Finlan kuwa ba ya cikin dangin Jamusanci ko kaɗan, amma kalmarsu ɗaya. Saboda haka tarayya a kalma irin wannan shaida ce ta hulɗar ciniki, ba ta nuna dangantakar jini tsakanin harsuna.

4.0 Shigowar Kalmar Cikin Hausa

4.1 Shayi

Hausa ta ari shayi daga Larabci, kuma siffar kalmar kanta ta isa shaida. Daidaitaccen Larabci ba shi da sautin /c/, don haka da Larabawa suka karɓi cay sai suka musanya baƙin farko da mafi kusa da shi a harshensu, wato /sh/, ta zama shay. Hausa kuwa tana da /c/, ga ta a ci da ciki da caca. Da a ce kai tsaye Bahaushe ya ji kalmar daga bakin Bafarishe ko Ba'indiye, babu abin da zai hana shi cewa cayi. Harshen Sawahili, wanda ya sami kalmar ta cinikin tekun Indiya, chai yake da ita, da /c/ ɗinta. Wannan /sh/ ta farkon shayi tamkar hatimi ce da Larabci ya buga wa kalmar a kan hanyarta.

Wasalin /i/ na ƙarshe kuwa aikin Hausa ne. Mafi yawan sunayen Hausa da wasali suke ƙarewa, don haka idan aka aro kalmar da ta ƙare da baƙi akan liƙa mata wasali. Haka aka yi wa alƙalami da addini da attajiri. Sai dai waɗannan ukun sun shigo tare da harafin al- na Larabci a manne da su, ko dai a sarari ko kuma ya naɗe cikin baƙin da ke biye. Shayi ba ta zo da shi ba, ba a cewa ashshayi. Tun a shekarar 1947 Joseph Greenberg ya jawo hankali ga cewa kalmomin Larabci ba a lokaci ɗaya suka shigo Hausa ba, kuma zuwa da harafin al- ko rashinsa na cikin abubuwan da ake dubawa wajen rarrabe su.

Hanyoyi biyu ne manya suka haɗa ƙasar Hausa da Larabawa a ƙarni na 19. Ta farko ita ce ta ayarin Sahara, daga Tarabulus ta Gadamas da Gat da Agadas da Damagaram zuwa Kano, inda fataken Larabawa suke da unguwanninsu a cikin birni. Titin da ya tashi daga Kano ya ratsa Ɗambatta da Kazaure da Daura a yau, wannan fuskar ta arewa ya dosa. Ta biyu ita ce hanyar alhazai ta ƙasa, wadda ta bi ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, wadda kuma ta bar al'ummar Hausawa masu yawa a Sudan. A Larabcin Libiya da na Hijaz an fi cewa shahi, a na Masar da Sudan kuwa shay. Siffar Hausa ta fi kusa da ta biyun.

4.2 Ti

Turawan Ingila sun ci Kano a shekarar 1903, kuma layin dogo ya iso birnin a 1911. Daga nan akalar ciniki ta juya daga Sahara ta koma bakin teku. Kantunan kamfanonin Turawa suka cika da ganyen shayi na gwangwani da na fakiti, barikin soja da makarantun kwana da gidajen Turawa kuma suka koya wa kuku da boyi da ɗan makaranta kalmar ti. Da Ingilawa sun zo ƙasar Hausa a zamanin Pepys, da te Bahaushe zai ara.

Kalmar tana ɗauke da alamomi biyu na baƙunta. Na farko, karin sautinta faɗau ne, kamar sauran kalmomi masu gaɓa ɗaya da aka aro daga Ingilishi, irin su bas da fam da kwas. Na biyu, ta tsallake dokar ganɗantawa. A kalmomin Hausa na asali /t/ takan koma /c/ idan wasalin /i/ ko /e/ ya biyo ta, kuma tsofaffin kalmomin aro ma ba su tsira ba: /t/ ta ƙarshen kalmar Larabci al-waƙt ita ce ta zama /c/ a lokaci. Amma kalmomin da suka shigo a zamanin Turawa, irin su titi da tikiti da tebur da asibiti, sun riƙe /t/ ɗinsu. Ti tana cikin wannan rukuni. Da dokar ta hau kanta, da ta zama ci, ta yi karo da aikatau ɗin da kowa ya sani.

Duk da ƙarfin mulkin mallaka, ti ba ta iya ture shayi ba. Shayi ce ake gina wasu kalmomi da ita: mai shayi, ganyen shayi, butar shayi, kayan shayi. Har ma ta ƙetare zuwa Ingilishin Nijeriya, domin a Legas da Fatakwal sunan mai wannan sana'a mai shayi ne ko da a bakin wanda bai iya Hausa ba. Hausa ta ara, ta kuma ba da aro.

4.3 Sauran Tagwaye a Teburin Mai Shayi

Shayi da ti ba su kaɗai ne tagwaye ba. Sukari daga Larabci take, suga kuma daga Ingilishi, alhali duka biyun tushensu wata tsohuwar kalmar Indiya ce da ta ratsa Farisanci da Larabci kafin ta shiga Turai. Gahawa daga Larabci take, kofi na sha kuma daga Ingilishi, alhali ita kalmar Ingilishin daga wannan kalmar Larabcin ta fito, ta hanyar Turkanci. A duk tagwayen uku tsarin ɗaya ne: ɗaya ta shigo ta hannun Larabawa, ɗaya ta biyo Turawa ta teku.

Akwai kuma siffa ta uku a maƙwabta. Shayin Buzaye, wanda ake dafawa a ƙaramar buta a kan gawayi a sha a 'yan ƙananan kofunan gilashi har zagaye uku, a harshen masu shi atay ake kiransa. Haka sunan yake a Maroko da Muritaniya, a Sanagal kuma ataya. Wannan siffa ta reshen te ce, domin jiragen Turawa ne suka riƙa sauke koren ganyen Sin a tashoshin Maroko, ya bazu cikin Sahara a ƙarni na 19. Bahaushe ya karɓi al'adar dafawar amma ya ci gaba da kiran abin da sunan da ya riga ya sani.

5.0 Shin Shayi Daga Sha Ta Fito?

Dalilin da ya sa wannan zato yake da farin jini a fili yake. Shayi abin sha ne, kuma kalmomin da aka tsira daga sha suna fitowa da /y/: shayar, mashayi, mashaya, shaye-shaye. Idan aka cire ɗafa-goshin ma- daga mashayi, abin da ya rage shi ne shayi. Amma hujjoji uku sun rushe zaton.

Na farko, Hausa ba ta da wannan ƙa'ida ta ƙirar kalma. Daga ci ana samun ciyar da maciyi da ciye-ciye, daidai da tsarin sha, amma babu wani abinci mai suna ciyi. Na biyu, kalmar tana nan da siffa da ma'ana iri ɗaya a Larabci da Amharik na Habasha, kuma waɗannan harsuna ba su da aikatau sha da za a ce daga gare shi suka ƙera ta. Na uku, tarihin abin kansa: ganyen baƙo ne, kuma baƙon abu yakan zo da sunansa. Abubuwan sha na gida, irin su kunu da fura da koko, babu wanda aka raɗa wa suna daga sha. Iyakar abin da za a iya cewa shi ne, kamar da ke tsakanin kalmomin biyu ta sa shayi ta yi saurin zama 'yar gida.

Daga nan ɗalibi zai gane cewa abubuwa uku ne suke sa kalmomin harsuna biyu su yi kama:

(a) Gado: harsunan sun gaji kalmar daga kaka ɗaya. Misali, mutu ta Hausa da mata ta Larabci mai ma'anar ya mutu, domin harsunan biyu suna cikin babban dangin Afirka da Asiya.

(b) Aro: ɗaya ya karɓa daga ɗaya, ko duka sun karɓa daga na uku. Misali, shayi da shay, ko ti da tea.

(c) Dace: kama ce kawai ba tare da wata alaƙa ba. A Sinancin Mandarin, kalmar da ke nufin cin abinci tana da furuci mai kama da ci ta Hausa, amma babu gado babu aro a tsakaninsu. Kamar da ke tsakanin sha da shay ma irin wannan ce.

6.0 Ma'anonin Kalmar

Kalmar aro ba ta tsayawa a kan ma'anar da ta zo da ita. A Sinanci sunan tsiro ne da ganyensa da ruwan da aka dafa da shi. A Hausa ma'anar ta faɗaɗa. Ana cewa shayin citta ko shayin na'a-na'a ko da babu ƙwayar ganyen Sin a ciki, kuma ruwan zafin da aka haɗa da madara da Milo ko Bournvita shi ma shayi ne a wurin mai saye da mai sayarwa. Da ma'anar ta yi faɗi haka, sai aka buƙaci wasu kalmomi na rarrabewa. Wanda ba a sa wa madara ba shi ne ruwan bunu, bunu kuwa tsohuwar ciyawar jinka ce wadda ta yi baƙi. Wanda aka cika wa madara shi ne haɗin kauri. Shi kansa ganyen sau da yawa Lipton ake kiransa ko da na wani kamfani ne, ko da ma wanda aka noma a Kakara da ke tsaunin Mambila a Jihar Taraba ne. A nan sunan kamfani ya zama sunan jinsin kaya.

A Turai ma haka abin yake. A Ingila tea tana nufin abincin la'asar, a wasu yankunan ma abincin dare gaba ɗaya. A Rashanci, ɗan ihsanin da ake ba ma'aikacin gidan abinci ana kiransa kuɗin shayi. A Sawahili kuwa chai ta kai ga ɗaukar ma'anar cin hanci. Shayi ba ta sami wannan gurbi sosai a Hausa ba, domin ta tarar da mai shi. Goro ne ya daɗe yana wannan aiki: na goro, goron sallah, goron gayyata, goron albishir. Abin da al'umma ta saba miƙa wa baƙo, shi ne yake zama sunan kyauta a harshenta.

Wajibi ne kuma malami ya lura cewa a rubutun yau da kullum akwai wasu kalmomi da ake rubutawa shayi waɗanda ba su da alaƙa da abin sha. Akwai shayi mai ma'anar kaciya, kamar a ce an yi wa yara shayi da sanyin hunturu. Akwai kuma shayi mai ma'anar shakka ko tsoro, kamar a ce wane ba ya shayin kowa. Kowacce kalma ce mai zaman kanta, kuma muhallin magana ne yake nuna wadda ake nufi.

7.0 Amfanin Wannan Nazari ga Malami

Malamin Hausa zai iya bin matakan da aka bi a wannan babi a kan kowace kalma. Ya fara da tambayar ko abin da kalmar ke nufi na gida ne ko baƙo. Ya duba sunan abin a harsunan da Hausawa suka yi hulɗa da su, musamman Larabci da Barbarci da Fulatanci da harshen Buzaye da Yarabanci da Ingilishi da Faransanci. Ya gwada sautukan ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar kowane sauyi yana da wasu misalan da suka goyi bayansa. Sannan ya tuntuɓi ƙamus, irin na Bargery na 1934, ko na Abraham, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Idan hujja ba ta samu ba, ya fi masa daraja ya ce wa yara za a bincika da ya ƙirƙiro masu labari.

Haka kuma nazarin yana gyara wani tunani da ake yawan ji, cewa aron kalma rauni ne ga harshe. Ingilishi da Faransanci da Rashanci da Larabci duk aron wannan kalma suka yi, babu wanda ya ƙera tasa. Yaron da ya san haka ba zai raina Hausa don tana da kalmomin aro ba, kuma ba zai ɗauka ti ta fi shayi daraja don daga bakin Bature ta fito ba.

8.0 Kammalawa

An ga cewa alamar rubutu ɗaya ta Sinanci mai furuci biyu ita ce tushen sunan shayi a mafi yawan harsunan Turai. Furucin te ya bi jiragen Holan ya mamaye yammacin Turai, ya zama ti a Ingilishi, ya iso ƙasar Hausa a ƙarni na 20. Furucin ca ya ratsa Farisa, ya shiga gabashin Turai ta Rasha da Turkiyya, ya zama shay a Larabci, Hausa ta mayar da shi shayi. An kuma ga cewa sautukan kalma suna riƙe da tarihin hanyar da ta biyo, kuma kama a furuci kaɗai ba ta isa hujja ba.

Tambayoyin Bita

1. Kawo hujjoji biyu na tsarin sauti da suka nuna cewa ta hannun Larabci shayi ta shigo Hausa.
2. Me ya sa harshen Fotugal ya saɓa wa sauran harsunan yammacin Turai a kan wannan kalma?
3. Bambanta gado da aro da dace, tare da misali ɗaya na kowanne wanda ba a kawo a wannan babi ba.
4. Ziyarci teburin mai shayi mafi kusa da kai, ka rubuta sunayen abubuwa 10 da ka gani, sannan ka rarraba su gwargwadon harshen da kowanne ya fito.